Yini guda a Mai Wurno, garin da masu hijira suka kafa a bakin Nilu

Wani ɗan ƙanwata da ke zaune a ƙasar Holan ne ya jawo wannan tafiya, shi kuwa bai ma sani ba. A ƙarshen shekarar 2021 ya aiko mana da hotuna ta waya daga wani ƙauye da ake kira Zanse Skans, kusa da birnin Amsitadam, inda ya kai iyalinsa yawon buɗe ido na yini ɗaya. Gidaje ne na katako masu koren fenti a bakin wani kogi, da injinan niƙa na dā masu manyan fukafukai waɗanda iska ke juyawa, wani yana tatsar mai, wani yana yankan katako, wani yana niƙa garin fenti. Ga masu sassaƙa takalman itace, ga masu yin cuku, kowa yana sana'arsa a gaban baƙi. Ya ce mini: "Kawu, galibin gidajen nan ba a nan aka gina su ba, ɗauko su aka yi." Haka kuwa abin yake. Daga shekarar 1961 zuwa 1974 mutanen yankin suka riƙa ɗaga tsofaffin gidajensu da ake shirin rushewa, suna ɗora su a manyan motoci da jiragen ruwa, suna jera su wuri guda don jikoki su ga yadda kakanni suka zauna. A yankin nan an taɓa samun injinan iska kusan 600 suna aiki a lokaci guda, yanzu 'yan kaɗan suka rage, kuma mutum fiye da miliyan 2 ke zuwa kallonsu a shekara.

Yara suka kewaye wayar suna kallo. Can sai 'yata ta biyu, wadda a lokacin take da shekara 11, ta ɗago kai ta tambaye ni da Larabci, domin da shi bakinta ya fi sabawa: mu fa, Baba, ina namu tsohon ƙauyen yake? Na rasa amsa a take. Mu mutanen wani ƙauye ne na Hausawa a ƙasar Managil, a tsakiyar Jazira ta Sudan. Kakana ya baro Damagaram da ƙafa da niyyar aikin hajji, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya tsaya tsinkar auduga don ya tara na ci gaba, yau da gobe har ya yi aure ya haihu, ya rasu bai ga Ka'aba ba. Mahaifina ya sauko Managil lokacin da aka faɗaɗa gandun Jazira zuwa wannan yanki, wato daga wajen 1957 zuwa farkon shekarun 1960. Kun ga ke nan, a daidai shekarun da mutanen Holan suke kwashe tsofaffin gidajensu don ajiya, iyayenmu suna kafa bukkoki ne a bakin sabuwar magudanar ruwa. Babu abin da ya kai shekara 70 a ƙauyenmu, sai fa tsofaffi biyu ko uku.

Na kwana da tambayar a raina, da safe na ce wa uwargida ta shirya, ranar Juma'a mai zuwa za mu Mai Wurno.

Ga wanda bai san ƙasar ba, Jazira ita ce fili mai faɗi da ke tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, kafin su haɗu a Hartum. Managil tana tsakiya, Wad Madani tana gabas da ita a bakin Shuɗin Nilu, wanda mutanen nan suke kira Bahar Azrak, tazarar kimanin kilomita 60. Daga Madani hanya ta miƙe kudu ta bi gefen kogi, ta wuce Barakat inda hedkwatar gandun take, ta wuce Hajj Abdalla da Wad Haddad, har Sinnar, abin da ya ɗan haura kilomita 100. Mai Wurno kuwa tana gaba da Sinnar kaɗan, kamar kilomita 15. Tafiya ce da ake iya yi a yini guda a dawo, muddin an yi sammako. Mu mun tashi ne da idar da sallar asuba, cikin sanyin watan Janairu na 2022, mu bakwai a motar haya, da ƙunshin kisra da dafaffen ƙwai da tulun shayi. Tun a mota na tuna wa manyan yaran cewa wannan nisa ya kai na ƙasaru, don su san hukuncin da suka karanta a makaranta yana da ranar aiki.

Ba zan tsaya bayanin hanya ba, wanda ya ga gona ɗaya a Jazira ya ga saura: alkama kore shar, auduga ta fashe fari fat, magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da zare. Abin da kawai na nuna wa yara shi ne ƙananan unguwannin leburori da ake kira kambo, waɗanda suke raɓe a bayan ƙauyukan masu gonaki, na ce musu a irin wannan wuri kakanninsu suka fara zama.

A Sinnar muka tsaya kallon madatsar ruwa. Turawan Ingila ne suka gina ta, aka gama a 1925, tsawonta ya kai kilomita 3, kuma daga gare ta ruwan da ke shayar da gandun Jazira yake fita, gandun da bayan an haɗa shi da na Managil ya haura fadan miliyan 2. A cikin dubban leburorin da suka ɗauki dutse da ƙasa a wannan aiki akwai mutanenmu na yamma masu yawa, sai dai ba za ka ga sunan ko ɗaya a jikin bango ba. Sinnar kanta tsohuwar hedkwatar sarakunan Funj ce, waɗanda suka yi mulki daga 1504 zuwa 1821, kuma a 2017 an zaɓe ta ta zama birnin al'adun Musulunci na shekarar. Yara dai ba su damu da sarakunan Funj ba, hankalinsu yana kan masunta da ke jefa taru a ƙarƙashin ƙofofin ruwa. Da ɗaya daga cikin masuntan ya ɗaga murya ya kira abokinsa da Hausa tsantsa, sai ƙaramin ɗana ya kama rigata yana dariya, kamar ya kama ɓarawo.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa garin da muka nufa ya cancanci a yi masa sammako.

A ranar 15 ga Maris 1903 sojojin Gwamna Lugga suka ci Sakkwato, makonni kaɗan bayan sun ci Kano. Sarkin Musulmi na lokacin shi ne Muhammadu Attahiru ɗan Ahmadu ɗan Atiku ɗan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda bai fi wata biyar a kan gado ba. Ya ƙi zama a ƙarƙashin Nasara, ya zaɓi hijira zuwa gabas. Wannan shawara tana da tushe, domin tun zamanin Shehu akwai magana a bakin jama'a da rubuce-rubucen malamai cewa in ƙarshen zamani ya gabato, jama'ar za ta tashi ta nufi gabas wajen kogin Nilu da ƙasa mai tsarki. Saboda haka da labari ya bazu cewa Sarkin Musulmi ya fita, sai talakawa da malamai da sarakuna suka riƙa barin gonaki da gidaje suna bin sa, dubbai a kan dubbai, har abin ya tsorata Turawa fiye da yaƙin Sakkwato kansa. Suka bi sawu har Burmi, kusa da kogin Gongola a ƙasar Gombe. An fara gwabzawa a watan Mayu, Turawa suka ja da baya. Suka dawo da ƙarfi ranar 27 ga Yuli 1903, aka yini ana yaƙi, Attahiru ya yi shahada tare da mutum fiye da 600, Allah ya jiƙansu. A ɓangaren Turawa ma shugaban rundunar, Manjo Mash, a nan ya mutu. Tutar Sarkin Musulmi da suka ɗauke a filin ba ta koma Sakkwato ba sai a 1960.

Ɗan Attahiru, Muhammadu Bello, wanda ake yi wa laƙabi da Mai Wurno, yana cikin waɗanda suka tsira. Shi ya tattara sauran jama'a ya ci gaba da tafiyar da mahaifinsa ya fara, suka ratsa ƙasar da ake kira Cadi a yau, suka shiga Sudan ta yamma, bayan wajen shekara uku suka iso Shuɗin Nilu. Suka sauka a ƙauyen Shaihu Talha da ke gaɓar gabas, daga baya suka haye gaɓar yamma suka sari daji suka kafa gari, garin ya ci sunan mai shi. Larabawa suna furta shi Mayirno. Wani abin tunani a nan shi ne, mutanen da suka bar ƙasarsu don gudun mulkin Ingila sun iso sun tarar Ingila ta riga su, domin tun 1898 ta karya daular Mahadi a Umdurman. Wasu suna ganin wannan a matsayin faɗuwar hijirar. Ni ban ga haka ba. Abin da suka fita da shi, wato karatu da sallah da tsarin zama a ƙarƙashin shugabansu, sun iso da shi, kuma har yau akwai Sarki a Mai Wurno daga wannan zuriya.

'Yata ta katse ni a nan, ta ce ai mu ba jikokin mutanen Burmi ba ne, kakanmu daga Damagaram ya zo, kuma galibin mutanen garin Fulani ne. Tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce, bayan an kafa Mai Wurno sai ta zama zango ga duk mai zuwa daga yamma. Alhazan ƙafa daga Kano da Katsina da Gobir da Maraɗi da Damagaram da Barno nan suke fara neman masauki, nan suke jin inda ake samun aiki, nan ake raba musu gardama, kuma ƙauyuka da yawa na bakin kogin mutanen da suka fara sauka a nan ne suka kafa su. Larabawa ba su bambanta mu ba, duka Fallata suke ce mana ko Takari. Kakana ya yi damina biyu a Mai Wurno kafin ya gangara Jazira, wannan kuwa daga bakin mahaifina na ji.

Mun shiga garin da hantsi. Wanda ya zo da hotunan Holan a kansa zai yi sanyin gwiwa, gara in faɗa tun da wuri. Babu ƙofar sayen tikiti, babu allo mai bayani, babu mai rakiya da ya haddace tarihi. Gari ne kamar sauran garuruwan bakin kogi, gidajen jan bulo da na laka, raksha tana kai da kawo, kasuwa da hayaƙin agashe, wato tsiren da Hausawa suka koya wa Sudan gaba ɗaya har sunan ya zauna a Larabcinsu. Babban ɗana ya dube ni ya ce, shi ke nan? Na ce ya yi haƙuri, ya buɗe kunne. Ba mu yi taku hamsin ba muka ji harshe uku: mata biyu suna ciniki da Fulatanci, mai kifi yana kiran farashi da Hausa, 'yan makaranta suna faɗa da Larabci.

Muka bi al'ada, muka fara zuwa ƙofar gidan Sarki muka yi gaisuwa wajen dattawan da ke zaune a wurin, muka faɗi daga inda muke da abin da ya kawo mu. Da suka ji sunan Damagaram sai suka haɗa mu da wani yaro ya kai mu unguwar da zuriyar mutanen can suke. Nan aka shimfiɗa mana tabarma a gidan wani tsoho da ba mu taɓa gani ba, aka kawo ruwa, aka ɗora jabana, wato gahawar Sudan mai citta, kafin ma a tambayi sunanmu. Na so yara su ga wannan fiye da kowane gini.

Bayan an sauko daga Juma'a muka dawo wurin tsohon. Shekarunsa sun haura 85, ido ya yi rauni amma kai garau. Na ce: "Allah ya gafarta Malam, jikokinka ne suka zo jin labari." Ya laluba ya kama hannun 'yata ya ce: "To amarya, matso kusa, in kin ji sai ki biya ni da goro." Ya ba mu labarin kakarsa, wadda aka fito da ita daga Burmi tana yarinya, an goya ƙanenta a bayanta, ƙanen ya rasu a hanya aka binne shi a gindin wata bishiya a ƙasar da ita kanta ba ta san sunanta ba. Ya ce har ta tsufa ba ta yarda a zubar da ruwan wankin hatsi, sai ta ce a ba dabba, domin ta san ranar da aka yi rabon ruwa da ludayi. Ya lissafa zangon da mahaifinsa ya bi daga Damagaram, domin shi ta wajen uba mutumin can ne, yana ƙirgawa da yatsu: Kukawa, Lami, Abeshe, Janaina, Fashir, Ubayyid. Ya faɗi yadda ake tsayawa a yi noma damina guda a sayi jaki a ƙara gaba. Ya kawo wani allo da ya yi baƙi don tsufa, da Alƙur'ani rubutun hannu cikin gafakar fata, warƙa-warƙa, da irin rubutun nan na yamma mai kauri wanda yaranmu da suka saba da bugun Madina suka kasa karantawa sai da ya kama musu baki.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne, duk wannan hira sai da na riƙa yin tafinta. Hausar tsohon ba ta da wuya, amma kalmomi kamar zango da madugu da guzuri da gafaka baƙi ne a kunnen 'ya'yana. Ba laifinsu ba ne. Makaranta da Larabci, wasa da Larabci, talabijin da Larabci, mu iyaye kuma mun ɗauka harshe yana bin jini. Farfesa Al-Amin Abu Manga na Jami'ar Hartum ya rubuta littafi guda a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take rikiɗa tana bin Larabci, ni kuwa a tabarmar nan na ga abin da idona. Akwai kuma wani dalili da ba a cika faɗa ba. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa kakanninsa suna Sudan tun kafin ƙarshen 1897, sharaɗin da ya bar yawancin mutanenmu a waje shekaru da dama. Iyaye da yawa sun ga cewa ɓoye asali ya fi sauƙi wajen neman takarda da makaranta da aiki, sai suka daina ba da labarin hanya. An sassauta dokar daga baya, amma shirun ya riga ya zama ɗabi'a a gidaje da yawa, har da namu.

Uwargida ce ta yi dabarar da ni ban yi ba, ta kunna wayarta ta ɗauki muryar tsohon, bayan ta nemi izninsa. Minti 40 da 'yan kai.

Da la'asar muka je maƙabarta, muka yi sallama ga mazauna wurin, muka roƙa musu gafara kamar yadda sunna ta koyar, na gargaɗi yara kada su taka kabari kuma kada su ɗaga murya. Daga nan muka gangara bakin kogi. Da yake garin yana sama da madatsar Sinnar, ruwan a nan yana da faɗi kuma a kwance yake, ga lambunan mangwaro da ayaba, ga kwale-kwale yana haye da mutane zuwa gaɓar Shaihu Talha. Ba mu haye ba saboda rana ta yi, direba yana ta duba agogo. Muka bar wa tsohon sukari da ganyen shayi da goron da ya nema, muka kama hanya, ba mu shiga gida ba sai bayan isha.

Shawarata ga mai niyyar irin wannan tafiya gajeriya ce. Ya tafi da sunan kakansa da sunan garin da ya fito, domin su ne tikitinsa. Ya riƙe 'yar tsaraba, ya fara da gaisuwa, kada ya ɗaga waya ya ɗauki hoton mutane, balle mata, sai da izni. Gidajen mutane ne, ba wurin kallo ba. Kuma ba sai Mai Wurno ba: wanda ke Maraɗi ko Zindar ko Kano yana da nasa tsohon gari da bai fi tafiyar rabin yini ba, da tsohon da ke zaune a zaure ba mai tambayarsa.

Abin da ya biyo bayan tafiyarmu sananne ne. A watan Yuli na 2022 rikici ya ɓarke a jihar Shuɗin Nilu, aka kashe Hausawa da maƙwabtansu a Rusairis da kewaye, dubbai suka gudo arewa. A watan Agusta ambaliya ta ci Managil da ƙauyukanta, ta shiga ɗakinmu ta jiƙa akwatin da takardun kakana suke ciki, tawada ta narke, ba abin da ya karantu. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya tashi tsakanin sojan ƙasa da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗi a Disamba na wannan shekara, Managil ta cika da 'yan gudun hijira, hanyar da muka bi ta rufe. A tsakiyar 2024 yaƙin ya shiga jihar Sinnar, aka kama Sinja, sojoji ba su karɓe ta ba sai a Nuwamba, Madani kuma sai a Janairu na 2025. Ko babban gidan tarihi na ƙasa da ke Hartum, mai katanga da ƙofofin ƙarfe da masu gadi, an wawashe shi.

Tsohon namu ya rasu a cikin waɗannan watanni, a wani gari da 'ya'yansa suka kai shi gudun yaƙi, Allah ya jiƙansa da rahama. Da na sami jikansa a waya na tambayi Alƙur'anin nan da allon, ya ce Alƙur'anin yana nan, wata gwaggonsa ta fita da shi a cikin kayanta, allon ne ba a gani ba. Ya tambaye ni ko gaskiya ne muna da muryar kakansa, domin su ba su taɓa ɗauka ba. Muka tura masa a daren. 'Yata, wadda yanzu ta zama budurwa, ta zauna ta rubuta hirar duka a littafin makaranta da haruffan Larabci, inda ta kasa gane kalma ta bar gurbi ta zo ta tambaye ni. Gurbi uku ni ma ban san su ba, mun ajiye su sai mun koma Mai Wurno mu tambayi wanda ya rage. Ɗan ƙanwata na Holan ya ce a tura masa kwafi, yana so ya karanta wa nasa 'ya'yan.